Kano da Filayen Shan Iska: Tanadin Shekara Hamsin

An nemi in yi magana kan lambuna da filayen wasa a birnin Kano, kuma na san akwai mai cewa a ransa, ana fama da tsadar abinci da rashin ruwan famfo, wa ke ta lambu? Yana da hujja. Sai dai rijiyar burtsatse ana iya haƙa ta baɗi, asibiti ana iya gina shi ranar da kuɗi suka samu, amma fili da zarar an yanka shi fuloti an zuba masa siminti, ya tafi ke nan. Shi ya sa maganarsa ba ta jira.

Magabatanmu sun riga mu gane haka. Ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara a ƙarni na 12, wadda Muhammadu Rumfa da na bayansa suka faɗaɗa, ba a matse ta a jikin gidaje ba. Baturen nan Clapperton da ya shigo Kano a 1824 ya ƙiyasta cewa gidaje ba su ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar da ke cikin ganuwa ba, saura gonaki ne da lambuna. Gaskiya ne tsaro ya sa aka yi haka, domin in abokan gaba sun kewaye gari a sami abin ci da wurin kiwo. Amma ku dubi zurfin tunanin: mutane sun ɗauki ƙasa a ka shekara da shekaru suna kewaye filin da jikokinsu ne za su buƙace shi. Kududdufan da aka haƙa don ƙasar gini su ma sun zama matattarar ruwan damina, kowace unguwa kuma tana da dandalinta, inda 'yan mata ke gaɗa samari na langa da kokawa a farin wata.

A zamanin nan ma an gwada. An yi wa Kano tsarin shekara 20, daga 1963 zuwa 1983, wanda ake kira da sunan mai tsara shi, Trevallion. Audu Baƙo, da ya yi gwamna daga 1967 zuwa 1975, ya kafa Gidan Zoo a wurin da a lokacin bayan gari ne. Yau gidaje da shaguna sun yi masa zobe, kuma duk wanda ya taɓa ganin layin yara a ƙofarsa ranar yawon Sallah, kowa da sabon ɗinki da kuɗin shigarsa a dunƙule a hannu, ya san irin ƙishin da garin nan ke da shi na wurin fita. Da Audu Baƙo ya ce sai jama'a sun iso wurin tukuna, da babu wanda zai iya sayen wannan fili yanzu. Tun ran gini, ran zane.

To ina muka kwana? Ku shiga sababbin unguwannin da ake yi wa awon igiya a gefen gari. Mai gona ya yanka, dillali ya sayar, lungu da ƙyar Adaidaita Sahu ke wucewa, ba a bar ko inda za a shimfiɗa tabarmar zaman makoki ba. Yara sun jera duwatsu biyu a kan titi sun zama raga, in mota ta taho a ɗauke ƙwallo, ta wuce a ci gaba. Kududdufai an cike su da shara an yi gini a kai, ruwan da ya saba kwana a cikinsu ya koma kwana a ɗakunan mutane. Ga zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40, dattijo mai hawan jini likita ya ce ya riƙa tattaki, ya rasa inda zai taka. Mata kuwa, abin ya fi ƙona mini rai, kusan ba a taɓa sa su a lissafin ba.

Tushen matsalar a ganina yana cikin doka. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, wa'adin gwamna kuwa shekara 4 ne, in ya daɗe 8. Tsamiya ko maɗaci ba sa yin inuwar kirki a cikin wannan wa'adi. Don haka kowace gwamnati na ganin filin jama'a a matsayin kuɗin da ke kwance. Mun ga yadda aka gina shaguna a Filin Idi, aka zo aka rushe su a 2023, magana ta kai kotu. Ba na nan don in ba wani ɓangare gaskiya. Abin da na gani shi ne 'yan kasuwa sun yi asara, baitulmali ya yi asara. Da akwai dokar majalisa da ta lissafa waɗannan filaye da sunansu da iyakarsu, ta haramta taɓa su sai da jin ra'ayin jama'a a fili, da ba a kai nan ba.

Kada kuma a ce cunkoson tsohon gari ya hana. Alƙahira ta fi mu cunkoso. A 1984 attajirin nan Aga Khan ya ɗauki alkawarin yi mata lambu, aka zaɓi wani tudun juji da aka yi kusan shekara 500 ana zuba masa shara da ɓaraguzai, aka buɗe lambun Al-Azhar mai faɗin hekta 30 a 2005. Shekara 21 tsakanin niyya da buɗewa. A wajen aikin ne ma aka tono wani sashe na tsohuwar ganuwarsu aka gyara. Mu ma muna da tamu ganuwar, ga Dala, ga Goron Dutse, ga gaɓar Jakara.

Akwai tsoron da iyaye ke da shi, cewa irin waɗannan wurare kan zama maɓoyar 'yan shaye-shaye da 'yan daba. Wannan tsoro ba na banza ba ne, amma wurin da aka yasar ne ke zama haka. Lambun da ke da fitila da mai gadi da banɗaki da wurin alwala, da ranakun da aka ware wa mata da yara, kuma yana ƙarƙashin idon mai unguwa, ɓata-gari ba sa son sa. Wannan na nufin kuɗin kula, musamman ban ruwa daga Nuwamba zuwa Mayu, su shiga kasafin kowace shekara. Dashen da aka yi don kyamara aka bar wa awaki ɓarnar kuɗi ne.

Roƙona ga hukumar tsara birane ta KNUPDA shi ne kada ta sake amincewa da wani sabon awo sai an ware filin wasa da na inuwa wanda yaro zai iya zuwa da ƙafa daga gidansu. 'Yan majalisarmu, ku ba mu dokar da za ta fi wa'adinku tsawon rai. Ku kuma iyayenmu masu unguwanni, Allah ya ja zamaninku, ku kuka san kowane kango da kowane kududdufin da ya rage. Ku rubuta su, ku miƙa wa hakimai kafin dillalai su riga ku.