KALULUWA: WADDA ITACE KE JI DA WADDA BA YA JI



Mu malaman lakwal muna ganin yara kowace safiya, shi ya sa muka roƙi izinin yin magana bisa kaluluwa.

Kaluluwa ba ita ce ciwon ba, ƴar saƙo ce. Ƙaya ta soki ƙafa ta yi ruwa, sai matsematsi ya kumbura. Gyambo a hannu, hammata ta amsa. Ƙuraje a kai ko ciwon haƙori, sai wuya. Kakanninmu sun san wannan, don haka suke dafa ƴaƴan bagaruwa ko ganyen sabara su wanke miki, su gasa kumburin da tsumma mai ɗumi. Yanzu ga ganyen dogon yaro, wanda aka dasa jere jere cikin kwarin Majiya tun 1975. Ba mu raina ko ɗaya ba. In miki ya tsabtata ya warke, kaluluwarsa takan kwanta cikin mako ɗaya ko biyu. Amma a tafasa ruwan sosai, tsumman kuma ya zama wankakke.

Abu biyu muke roƙo a bari: ɗiga nonon tumfafiya, wanda ke ƙona fata, in ya shiga ido ya yi ɓarna, da kai yaro wurin wanzami a tsaga. Jinjirin da aka yi wa lambar BCG, hammatarsa kan ɗan kumbura; yawanci ta kwanta da kanta, kada a sa mata aska.

Wadda ke hana mu barci ita ce mai sanyi. Tana wuya, ba zafi, ba ja, ta wuce mako uku, wani lokaci biyu ko uku manne da juna. Mai ita na rama, yana zufa da dare. Sau da yawa tarin fuka ne ya sauka a wuya, ko da mutum bai yi tari ba. Wani lokaci kuma daji ne. Babu saiwar da ke kai can. Mun ga ɗalibin da aka shafa wa magani wata huɗu, har wuyan ya fashe, shekarar karatunsa ta tafi.

Irin wannan a kai shi likita, su tura asibitin Madawa, Buza, Keita ko Galmi a auna. Maganin tarin fuka kyauta ne a Nijar, wata 6 ake sha ba fashi. Ku da ke komawa Abidjan ko Legas bayan girbi, in kun fara, ku nemi takardar ci gaba kafin ku hau mota.