Daga Sakkwato zuwa Kiɗan Hargowa



Yau zancenmu na Mdou Moctar ne, makaɗi Buzu ɗan Nijar. Yana yaro ya harhaɗa gitarsa da kansa, da wayar birkin keke, don gidansu ba sa son kiɗa.

To, ku saurara. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi, a 2008. A Sakkwato, jama'a! Salon waƙoƙin finafinan Hausa ne, murya ta bi ta kwamfuta tana lanƙwasa. Daga waya zuwa waya ya bazu.

Daga baya sai ya kafa ƙungiya. Ya samu mai ganga, ya samu Mikey Coltun, ɗan Amurka da ya taso cikin kiɗan punk na birnin Washington. Nan kiɗa ya sauya. Ya ƙara sauri, ya ƙara ƙara, ya ƙara zafi. A faifansu na 2024, Funeral for Justice, sun caccaki Faransa kan halin da ta bar Nijar a ciki.

Dattawanmu za su ce hayaniya ce. Ni dai na fi son na yanzun.

Mu kwana nan, a huta lafiya.