Wane Jirgi Za Ki Hau Zuwa Umara?

  

Yau zancen tafiya za mu yi. Kun san da zarar an sayar da masara da auduga, kuɗi sun shigo hannu, sai a fara jin maganar umarar azumi a gidaje. Wata maigida ne zai biya mata, wata ɗanta ne. Wata kuwa gumin kanta ne: adashen shekara uku, da ragunan turka, da man gyaɗar da ta yi ta matsa har hannu ya yi kanta. Amma in kika tambaye ta, "Hajiya, wane jirgi za ku hau?" sai ta ce, "Oho, Alhaji ne ya sani." Shi ma Alhajin in an bincika, ejan ne ya sani. To ai ke za ki zauna a kujerar nan, da ƙafarki mai kumburi da goyonki. Ya kamata ki san abin da aka saya miki.

Mu raba zancen tukuna. In aikin hajji ne ta hannun hukumar alhazai ta jiha, babu zaɓi. Hukumar NAHCON ce ke raba wa jihohi kamfanonin jirage, wanda aka ba Katsina shi za ki hau. A umara ne mai kuɗi ke da ta cewa.

Jiragen iri biyu ne. Akwai mai tashi daga Kano ya miƙe, bai sauka ko'ina ba sai Saudiyya, kamar Saudia, ko Max Air na Alhaji Ɗahiru Mangal, mutumin Katsina. Wannan tafiyar ba ta cika wuce awa biyar ba. Akwai kuma masu yada zango a ƙasarsu: EgyptAir ya sauke ki a Alƙahira, Ethiopian Airlines a Addis Ababa, Qatar Airways kuwa, da ya fara zuwa Kano a 2022, sai ya tsallake Saudiyyar ya kai ki Doha, sannan ki hau wani jirgin ya dawo da ke. Wani lokaci mai zangon ya fi araha, shi ya sa ejan ke saurin miƙo shi. Ba laifi ba ne. Tambayar da za a yi ita ce, zangon nan awa nawa ne?

Nan fa ake yin ta. Wata maƙwabciyata, dattijuwa mai ciwon gwiwa, 'ya'yanta suka sama mata tikiti mai sauƙi, suna ta murna an rage kuɗi. Ashe akwai zaman awa goma sha ɗaya a tsakiya. Ta ce mini, "Yarinya, a kan kujerar ƙarfe na kwana, ga sanyin na'ura, ba Hausa ba Larabci, har bayan gida sai da na bi wata mata a baya na gano shi." Ta isa Makka da zazzaɓi, kwana biyun farko a ɗaki ta yi su. Abin da aka rage a tikiti ya tafi a magani. Zangon awa biyu ko uku, budurwa ko mace mai ƙarfi ba za ta ji shi ba. Amma tsohuwa, da mai ciki, da mai goyo, ni dai a ganina a ƙara kuɗin a hau mai miƙewa. In zangon ya zama dole kuma ya yi tsawo, a tambaya ko kamfanin na ba da masauki, a kuma nemi keken guragu tun ranar yankan tikiti, ba a biyan ko kwabo a kansa. Mai ciki ta sani, yawancin kamfanoni na neman takardar likita in ciki ya kai mako 28, daga mako 36 kuma ba su cika ɗauka ba.

Sai wurin sauka, Jidda ko Madina. Wannan namu ne mu mata, ku matso kusa da rediyon. In Jidda za ki sauka ki wuce Makka, kina sama za ki ratsa miƙati, ke nan sai kin shirya tun kafin hawa jirgi. A tambayi malam yadda ake yi. In kuwa Madina aka fara, kin samu kwanakin hutawa da ziyara, sai ki ɗauki harami a Zul Hulaifa hankali kwance. Mace ta lissafa kwanakin al'adarta. In za su faɗo a farkon tafiya, fara sauka Madina ya fi mata, don kada ta isa Makka ta zauna tana kallon masu ɗawafi. Tsakanin garuruwan biyu kimanin kilomita 450 ne, kuma tun 2018 akwai jirgin ƙasa mai gudu da ke haɗa su. Ejan ba zai tambaye ki wannan lissafin ba, kunya ma ba za ta bar shi ba. Ke za ki gaya wa maigida cikin ɗaki.

A duba kuma daga ina jirgin zai tashi. Mutumin Malumfashi, ta Dayi da Gwarzo ya shiga Kano. In aka ce tikitin Abuja ya fi sauƙi, a haɗa da kuɗin mota, da kwanan hanya, da yadda hanyar take, sannan a ga ko har yanzu yana da sauƙin. A tambaya ma, jirgin mai ranar tashi ne tsayayya, ko na shata ne wanda sai ya cika? Na shata ne aka fi jin labarin ya bar mutane suna jira a filin jirgi, musamman wajen dawowa bayan sallah. Kada a yarda da "za a sanar da ku". A ga ranar dawowa a rubuce.

To uwargida sarautar mata, ga maganar da na san kina jira: kaya. Da yawan kamfanoni jaka biyu suke bari, kowace kilo 23, wasu kuma ƙasa da haka. A karanta abin da ke jikin tikitin kafin ki fara lissafin dabino da abaya da tsarabar kishiya da ta dangin miji. Zamzam lita 5 ake bari, a cikin rufaffen mazubinsa, shi ma a tambaya ko yana cikin awon kaya. Goro kuma a bar shi gida, Saudiyya ta hana shiga da shi.

Akwai abin da ya fi goro haɗari. A watan Disamba na 2018 aka kama wata ɗaliba a Saudiyya, ta je umara tare da mahaifiyarta, saboda wata jaka mai ƙwayoyi da aka liƙa wa sunanta a filin jirgin Kano ba da saninta ba. Sai ƙarshen Afrilun 2019 aka sake ta, bayan bincike ya wanke ta. Hukuncin safarar ƙwaya a can kisa ne. Don haka in an auna kayanki, ki ƙirga 'yan takardun shaidar da aka manna miki. Jaka biyu, takarda biyu. Ko ba ki iya boko ba, kin iya ƙirga. Kuma kada tausayi ya sa ki karɓi saƙon kowa, ko da cewa aka yi kuka ce da daddawa.

In tikitin ya zo, ki sa ɗanki ko ɗiyarki ɗan makaranta ya karanta miki shi da ƙarfi, tun daga sunanki, ya dace da na fasfo harafi da harafi. Lokacin da aka rubuta na sauka agogon can ne, yana gaba da namu da awa biyu, kada mutanen gida su tayar da hankali suna ta bugo waya.

Lokaci ya ƙure mana. Masu niyya Allah ya ba da iko, ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.