Baƙin da Ke Zaune a Saiwar Waken Soya

Wanda ya tumɓuke waken soya ɗan mako shida, ya karkaɗe ƙasar, zai ga waɗansu 'yan ƙulle-ƙulle kamar ƙwayar dawa maƙale a jikin saiwa. Manoma da yawa kan ɗauka cuta ce, alhali kuwa nan arzikin shukar ya ke.

Cikin kowane ƙulli akwai tarin ƙananan halittu waɗanda ido ba ya gani, masana na ce da su bakteriya, na waken soya kuwa sunansu Bradyrhizobium. Kashi 78 cikin ɗari na iskar da ake shaƙa naitirojin ne, amma tsiro ba shi da ikon ɗibarsa da kansa. Halittun nan su ke kama shi, su juya shi ya zama amoniya, watau abin da shuka ke gina ganye da ƙwaya da shi. Ita kuwa sai ta biya su da sukarin da ganyenta ya haɗa. In an tsaga ƙullin da farce aka ga cikinsa ja-ja, to, aiki na tafiya, gama jan nan wani sinadari ne ɗan'uwan na jinin mutum, shi ke riƙe iskar oksijin don kada ta ɓata aikin. In fari ne ko kore, baƙon ci kawai ya ke yi, ba ya biya.

Jamusawa biyu, Hellriegel da Wilfarth, su suka tabbatar da wannan al'amari cikin 1886. Amma inda aka fi cin moriyarsa sai ƙasar Burazil. Can wata masaniya, Johanna Döbereiner, ta dage tun cikin shekarun 1960 a riƙa shafa wa iri bakteriya kafin shuka maimakon sayen takin naitirojin mai tsada. Aka bi shawararta, ga shi Burazil ta zama ta fi kowace ƙasa noman waken soya.

A Afirka ta Yamma kuwa irin da aka kawo daga Amurka ya yi tsirfa, ya ƙi karɓar bakteriyar ƙasar. Sai masana na cibiyar IITA ta Ibadan suka fitar da irin da ke shiri da ita. Duk da haka shukar na bukatar takin sufa, sa'an nan in aka cika mata yuriya sai ta rage yin ƙulli, ganye ya yi kore shar, kuɗin taki kuwa ya tafi a banza.