KWANA 40 NA FARKON SHUKA: JAWABI GA HAKIMAI DA MALAMANSU

Wannan jawabi ne game da masara da gyaɗa da auduga, da aikin da su ke bukata tun daga ranar shuka har kwana 40. A cikin waɗannan kwanaki a ke samun amfanin shekara ko a rasa shi, gama abin da haki ya cinye sa'ad da shuka ta ke ƙarama, ruwan Agusta ba ya mayar da shi.

Wahalar wannan lokaci ita ce ayyuka su kan taru wa manomi gaba ɗaya. Ga noman firi na gero da dawa, ga huɗar gyaɗa, ga auduga tana jira, hannuwan gida kuwa ba su ƙaru ba. Don haka abin da zai fi amfanin talakawa shi ne a san aikin da ba ya jira, a fara da shi.

Na farko, shuka. Kada a ruɗu da yayyafin farko. A jira ruwa mai ƙarfi wanda ya jiƙa ƙasa sosai, don irin da ya tsira sa'an nan ruwa ya ɗauke, asararsa biyu ce, ta iri da ta lokaci. In an shuka, a zaga gona bayan mako guda a cike gurbin da bai tsira ba. Wanda a ka cike a makare ba ya kamo 'yan'uwansa.

Masara tana son tsakanin kunya da kunya inci 30, tsakanin rami da rami inci 10, tsiro ɗaya a rami. A yi mata noman firi kafin ta cika mako 3, maimai kuwa wajen mako 6. Takin kamfa a sa shi cikin mako 2 na farko, yuriya ta biyo a mako na 5 ko na 6. Lalle a binne yuriya gefen tsiro, domin in an bar ta a sarari ƙarfinta ya kan bi iska. Tun shekarar 2016 wata baƙuwar tsutsa daga nahiyar Amurka ta shigo Nijeriya, tana ɓuya cikin zuciyar masara. Alamarta ita ce huji a ganye da kashi kamar dusa. A riƙa dubawa kowane mako, in an gan ta a gaya wa malamin gona tun tana ƙarama, gama in ta girma magani ba ya cin ta da sauƙi.

Gyaɗa kuwa a shuka ta da wuri, kuma kusa da kusa, inci 6 zuwa 8 a kan kunya. Dalili shi ne darɓa, watau ƙwarin da ke ɗauko cutar kuturtar gyaɗa, sun fi sauka a gonar da ta makara, wadda a ke hangen ƙasa tsakanin tsironta. A shekarar 1975 wannan cuta ta lalata gyaɗa kimanin hekta 700,000 a arewacin Nijeriya, tana kuwa cikin dalilan da su ka sa dalar gyaɗa ta Kano ta gushe. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ta fitar da iri masu jure cutar, cikin waɗanda a ke kira SAMNUT. Takin da gyaɗa ta fi so shi ne sufa. A gama nomanta kafin ta soma sakin jijiyoyin 'ya'ya cikin ƙasa. Daga nan a cire haki da hannu, don fartanya tana yanke su.

Auduga ita ce a kan zalunta. A ƙasashen Funtuwa da Malumfashi da Gusau manomi ya kan bar ta sai ya gama da hatsi, ya shuka ta a ƙarshen Yuli. Gwajin Samaru ya daɗe da nuna cewa wadda a ka shuka a tsakiyar Yuni ta fi ta amfani nesa, domin ta makara ruwa ya kan ɗauke kafin ta cika ƙwallo. Ba za a ce mutum ya bar abincin iyalinsa ba, amma ƙaramar gona da a ka shuka a kan kari ta fi babba da a ka shuka a makare. In ta kai mako 3 a rage ta, a bar tsiro 2 a rami.

Saura aikin hukuma. Ya kamata Hakimi ya tara dagatai da masu unguwa tun da bazara ya bayyana musu waɗannan abubuwa, ya kuma sa rangadinsa cikin waɗannan kwanaki, gama rangadin kaka ba ya gyara kome. Ya nemi taki da iri su iso kafin ruwa ya sauka. Inda a ka sami gidan da rashin lafiya ko rasuwa ta hana noman firi, dagaci ya kira gayya. Malamin Hakimi kuwa ya rubuta ranar ruwan shuka a kowane gari, da ranar da taki ya iso, da inda a ka fara ganin tsutsa ko kuturta, ya aika wa malamin gona a ranar. Labarin da ya kwana bakwai a aljihu ya zama labarin asara.

Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi. Allah ya ba da damina mai albarka, amin.