Daga Ƙofar Doka Zuwa Samaru: Bunƙasar Zariya Da Halin Da PZ Ke Ciki

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya



An umarce ni da in yi tsokaci a kan yadda garinmu ya bunƙasa. Abin da nake son mu lura da shi a yau shi ne, Zariya ba gari ɗaya ba ce. Garuruwa ne jere da juna, kowane zamani ya zo sai ya kafa nasa a gefen na magabacinsa.

Na farko shi ne Birni, cikin ganuwa. Tarihinsa sananne ne a wannan zaure, ba sai na ja ku da nisa ba: Zazzau cikin Hausa Bakwai, Sarauniya Amina, sannan jihadi da gidajen sarauta huɗu, Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa. A zamanin Sarki Abdulkarimu ne Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma’a wanda har yau masana gine-gine ke zuwa nazari. Kuma tun kafin a san wata aba wai ita jami’a, almajirai ke niƙo gari daga nesa domin ɗaukar nahawu da fiƙihu a zaurukan Ƙona da Unguwar Juma. Saboda haka sunan da Zariya ta yi na garin ilmi, boko tarar da shi ta yi.

Turawa sun shigo a 1902, amma abin da ya sauya fasalin garin shi ne jirgin ƙasa, wanda ya iso a 1911. Aka kafa tasha a arewacin kogin Kubanni, aka yanka Sabon Gari domin ma’aikatan reluwe da baƙi daga Kudu, Tudun Wada kuwa ta zama masaukin ’yan Arewa waɗanda ba ’yan Birni ba. Daga baya aka fitar da ƙaramin layin dogo zuwa Jos, da wani zuwa Gusau da Ƙauran Namoda, sai Zariya ta zama mahaɗa. Auduga da gyaɗa da ƙiraga duk nan ake tara su. Kamfanonin Turawa suka jera kantuna kusa da tasha, ɗaya daga cikinsu, Paterson Zochonis, shi ya bar wa unguwar sunan da muke kiranta da shi, wato PZ. Tun daga lokacin cibiyar ciniki ta bar cikin ganuwa, ba ta kuma koma ba.

Sai makarantu suka biyo baya. Mishan ta koma Wusasa a 1929. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939, Abubakar Imam na editanta na Hausa, aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. Kwalejin da muke kira Barewa ta taso daga Kaduna a 1949. Samaru, wadda da can gonar binciken aikin noma ce, ta karɓi Jami’ar Ahmadu Bello da aka buɗe ranar 4 ga Oktoba, 1962, da reshenta a Kongo. Makarantar koyon tuƙin jirgin sama ta zo a 1964. Ku duba taswira, za ku ga kusan dukkansu a wajen Birni suke, kuma hanyar da ta haɗa Birni da Tudun Wada da Samaru ta PZ take ratsawa.

Wannan ne ya ba wurin daraja. Dattawan da ke zaune a nan sun san zamanin da malamin jami’a da ma’aikacin reluwe da bafataken Birni ke haɗuwa a banki ɗaya, a gidan waya ɗaya, a kantin littattafai ɗaya. Ɗalibi ya karɓi alawus, ba ya jin ya shiga gari sai ya taka PZ ya zarce kasuwar Sabon Gari.

Yau fa? Gaskiya ɗaya ce, sunan wurin ya dusashe. Da harkar jirgin ƙasa ta durƙushe, manyan rumbunan ajiya suka zama kango, kantunan Turawa aka rarraba su ƙananan shaguna. Samaru ta yi kasuwarta da bankunanta, har ɗalibi kan yi shekara huɗu bai san inda Ƙofar Doka take ba. Babban asibitin koyarwa ya koma Shika a 2005, ya ƙara jan jama’a can gaba. Abin da baƙo ke tunawa da tsakiyar garinmu yanzu shi ne cunkoson babura da Keke Napep, da magudanan ruwa da shara ta toshe, da kasa kaya a bakin titi. Uba ya kawo ɗansa rajista daga Yola ko Ilori, abin da ya gani a nan shi zai ba da labari a gida. Dubban ɗalibai ke fita duk shekara, su ne gobe daraktoci da gwamnoni, kuma da wannan hoton suke tafiya.

Wani abin da ke ƙara dagula al’amarin shi ne, gari ɗaya ya rabu tsakanin ƙaramar hukumar Zariya da ta Sabon Gari, kuma tsofaffin gine-ginen tasha na hukumar jiragen ƙasa ne. Kowa na jiran wani.

Shawarata, ya shugaba, ita ce a kafa kwamiti tun a wannan zama, wanda zai nemi ganawa da ƙananan hukumomin biyu da shugabannin ’yan kasuwa a kan shara da magudanan ruwa kafin damina ta faɗi. Sannan mu roƙi sashen zanen gine-gine da na tsara birane na jami’a su ba ɗalibansu aikin ƙidaya tsofaffin gine-ginen PZ da tasha, a auna su, a ɗauki hotunansu, a tantance waɗanda za su gyaru. Kuɗin mota da na takarda ne kawai zai hau kanmu, kuma asusun ƙungiya zai iya ɗauka. Ina roƙon a saka wannan cikin ƙudurorin bana, kwamitin ya kawo rahoto a taron baɗi.