Tsibirin Fogo: Masu Noma a Bakin Wuta



An nemi in yi magana a kan yawon buɗe ido a tsibiran da ke da duwatsu masu aman wuta. Na zaɓi Fogo, ɗaya daga cikin tsibiran ƙasar Kef Bade, can cikin Tekun Atlantika yamma da Senegal. Da harshen Fotugal, ma'anar sunan ita ce wuta.

Baƙo yakan fara sauka ne a garin São Filipe, inda zai ga tsofaffin benaye na zamanin mulkin Fotugal, a ƙarƙashinsu kuma bakin teku mai baƙin rairayi. Daga nan sai ya hau mota zuwa Chã das Caldeiras, wani makeken kwari da katangar dutse mai tsawon kusan mita 1,000 ta kewaye. A cikinsa ne Dutsen Fogo yake tsaye, tsawonsa mita 2,829, babu wanda ya kai shi a duk ƙasar. Mai son hawa sai ya nemi ja-gora daga mutanen wurin, ya yi sammako tun da asuba, ya tanadi ruwa da takalmi mai ƙarfi. Hawan yakan ci sa'o'i uku zuwa huɗu, amma saukowa cikin toka mai laushi kusan a guje ake yi.

To, abin da ya fi dutsen ban mamaki shi ne mutanen. Dutsen ya yi aman wuta a 1951 da 1995, sannan a aman da ya fara a watan Nuwamba na 2014 narkakken dutse ya binne ƙauyukan Portela da Bangaeira. Ba a rasa rai ba, amma gidaje da gonaki sun tafi. Duk da haka mutane suka komo, har wasu suka yi gini a kan dutsen da ya daskare bisa tsofaffin gidajensu. Me ya sa? Ƙasar da toka ta ratsa tana da albarka: inabi da ɓaure da wake suna yi a kwarin, gahawa kuma a wajen Mosteiros.

Saboda haka, wanda Allah ya nufa da zuwa, kada ya ɗauki hoto kawai ya juya. Ya kwana a gidajensu, ya sayi gahawarsu da cukun awaki, ya tambaye su yadda aka fara rayuwa daga toka.